Tambayoyinku: Mu uku ke rubuta manhaja ɗaya, kullum sai aikin wani ya ɓace

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a sashen kwamfuta, mu uku aka haɗa a furojet ɗin ƙarshe, shafin rajistar ɗalibai muke rubutawa da PHP. Kowa in ya yi gyaransa sai ya matse foldar ya turo guruf ɗinmu na WhatsApp, wani lokacin kuma a filas, yanzu haka a laftof ɗina akwai furojet_final, akwai furojet_final2, akwai furojet_na_gaskiya, wallahi ni kaina ban san wanne ne na gaskiyar ba. Satin da ya wuce ɗayanmu ya kwafe tsohuwar folda a kan sabuwa, aikin kwana huɗu ya bi ruwa, har yau gaisuwa kawai muke. An ce mu koma GitHub amma wai sai da data kullum, ga netwok ɗin unguwarmu sai ka fito ƙofar gida. Ina mafita?

Ɗalibi daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara shiryawa da abokin nan naka, don da irin tsarin nan da kuke bi ko ba shi ba kai ne zaka goge aikin wani wata rana, rabonsa ne kawai ya rigaye ka.

Wanda ya ce maka sai da data ya haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Git daban, GitHub daban. Git manhaja ce kyauta da ke zaune a cikin kwamfutarka tana ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa fayilolin aiki, wa ya canza, yaushe, wane layi. Linus Torvalds ne ya rubuta ta a watan Afrilun 2005, lokacin da masu rubuta Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, suka rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, manhajar da ke ajiye musu tarihin aiki a da, kuma su ɗaruruwa ne a ƙasashe daban daban suna taɓa kod ɗaya, to ka ga ku uku ai ba komai ba ne a wajenta. Shi kuwa GitHub kamfani ne da ya fara a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, aikinsa ya ajiye muku kwafin rumbun aikinku a intanet inda kowa zai iya kai wa. Akwai GitLab da Bitbucket ma, sana'a ɗaya suke.

Ga yadda za ku fara. Ku zauna ku ukun ku yarda da folda ɗaya cewa ita ce ta gaskiya, wannan zaman shi ne mai wahalar ma. Mutum ɗaya ya shiga cikinta ta tagar rubuta umarni, wato terminal, ya rubuta git init, sai git add . da ɗigon nan a ƙarshe, sai git commit -m "farkon aiki". Shi ke nan, Git ta ɗauki hoton aikin yadda yake a wannan lokacin, wannan hoton shi ake kira komit. Sai ya buɗe rumbu a GitHub, ya sa shi na sirri tunda kyauta ne, shafin da kansa zai nuna masa layukan da zai kwafa ya tura aikin, sannan ya gayyaci sauran biyun, su kuma su yi git clone sau ɗaya don su sauke kwafin rumbun a kwamfutocinsu. Daga ranar an binne maganar turo zif a guruf.

Abin da ya fi dacewa da halinku shi ne komit ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Tarihin gaba ɗaya yana cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna .git a laftof ɗin kowannenku, zaka iya yin komit goma a ɗaki babu netwok, ka duba tsohon aiki da git log, ka dawo da fayil yadda yake shekaranjiya, sai in ka fito ƙofar gidan ka yi git pull ka jawo na 'yan uwanka sannan git push ka tura naka, kuma abin da ya canza kawai take turawa ba foldar duka ba, gyaran yini guda sau da yawa bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba. Abu ɗaya dai, tun watan Agustan 2021 GitHub ba ya karɓar kalmar sirrin asusunka wajen turawa, sai ka ƙirƙiri tokin ko makullin SSH, wato shaidar da ke tsaya maka a madadin kalmar sirrin, nan ne sababbi da yawa ke tsayawa su ce abin ya ƙi.

Yanzu inda mutane ke firgita. Ka gyara layi a login.php, abokinka ma ya gyara wannan layin dai, ka zo jawowa sai ta rubuto maka CONFLICT da manyan baƙaƙe. Kar gabanka ya faɗi, babu abin da ya ɓace. Buɗe fayil ɗin zaka ga kamar haka:

<<<<<<< HEAD
$tsawo = 6;
=======
$tsawo = 8;
>>>>>>> 

Na sama naka ne, na ƙasa nasa. Kai ka ce kalmar sirri harafi 6 ta isa, shi ya ce sai 8, ita kuma Git ta ƙi yanke muku hukunci, ta ajiye duka biyun tana jiranku. Ka kira shi a waya ku daidaita, ka goge ɗaya, ka goge alamomin nan uku, sai add da komit. In fayiloli daban kuka taɓa, ko wurare masu nisa a fayil ɗaya, da kanta take haɗewa ba tare da ta tambaye ku ba. Ni a ganina wannan karon alheri ne, shi ne ainihin abin da ya faru da ku satin da ya wuce, sai dai a filas babu wanda ya tsaya ya tambaye ku.

Ku riƙa komit kanana akai akai, kuma ku rubuta saƙo mai ma'ana, "na gyara lissafin kuɗin rajista" ya fi "gyara" ko "aaa" da zaka gani wata biyu nan gaba ka rasa me kake nufi. Maganar reshe, wato kowa ya ware nasa layin aikin daga baya a haɗe, ku bar ta tukuna sai hannunku ya faɗa. Amma git push --force kam ku ɗauke shi haramun a tsakaninku, shi ne zai iya shafe aikin ɗan uwanka daga rumbun da kuke tarayya, kuma in turawa ta ƙi zaka samu masu ba ka shawarar sa, alhali git pull ne maganin.

TAMBAYA: Malam na tura aikina GitHub a buɗe, ashe da fayil ɗin config.php mai kalmar sirrin databes ɗina a ciki. Na goge fayil ɗin na sake turawa, na tsira ko?

Wata baiwar Allah daga Maradi

AMSA: Ba ki tsira ba Malama. Abin da ya sa Git take da amfani shi ne ba ta mantuwa, fayil ɗin yana nan daram a tsohon komit, duk wanda ya buɗe tarihin zai karanta shi, kuma akwai manhajojin da ba su da aiki sai shawagi a buɗaɗɗun rumbuna suna tsintar irin wannan. Ki canza kalmar sirrin yau ɗin nan kafin ki yi komai. Bayan nan ki buɗe fayil mai suna .gitignore ki rubuta config.php a ciki don kar ya sake bin ayari, ki ajiye wani kwafi mai kalmar bogi, misali config.misali.php, shi za ki riƙa turawa saboda abokan aiki su san yadda za su cike nasu.