Tarin Edgar Church: yadda mujallun senti goma suka kai miliyoyin daloli

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji wai a Amurka an yi wani tsoho da ya tara mujallun labarin zane, irin na su Superman, a gidansa, kuma yanzu guda ɗaya daga cikinsu sai ta kai miliyoyin daloli. Gaskiya ne? Me ya ba su wannan daraja? Dalilin tambayata shi ne marigayi mahaifinmu ya bar mana akwatin ƙarfe cike da irinsu na Turanci, tun na zamanin da yake makaranta. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Labarin gaskiya ne, kuma tsohon da ake nufi shi ne Edgar Church na birnin Denba a jihar Kolorado, wanda aka haifa a 1888 ya rasu a 1978. Sana'arsa zanen talla ce, ya daɗe yana yi wa kamfanin tarho na yankinsu zane-zanen da ake sakawa a kundin lambobin waya. Mai irin wannan sana'a kullum yana neman abin kwaikwayo, yadda ake zana hannu ko doki ko mota, shi ya sa Church ya zama mai ajiye duk wata takarda mai hoto. Daga wajen 1937 zuwa shekarun 1950 yana sayen kusan kowace mujallar zane da ta fito kasuwa, waɗanda Turawa ke kira komik. Ƙiyasin abin da ya tara yana tsakanin 18,000 da 22,000.

A lura da shekarunsa. Lokacin da ya fara yana dab da shekara 50. Mujallun nan kuwa don yara ake buga su, kuma kowa ya san yadda yaro ke yi da takarda: ya naɗe ta ya cusa a aljihu, ya ara wa aboki, ya rubuta sunansa a bango, ya yanke takardar talla ya aika a turo masa abin wasa. Church bai yi ko ɗaya ba. Ya saya, ya duba ko ma bai buɗe ba, ya ɗora a kan 'yar'uwarta a ɗakin ƙarƙashin gidansa. Asalin darajar daga nan take.

Sai kuma garin kansa. Denba tana kan tudu mai tsawon mita 1,609 daga matakin teku, mil ɗaya cif, iskarta busasshiya ce, ga sanyi. Takardar da ake buga waɗannan mujallu da ita mafi arha ce, irin ta jarida, wadda aka yi da niƙaƙƙen itace ba a cire masa sinadarin da ake kira lignin ba. Idan haske da zafi da danshi suka haɗu a kanta, sai sinadarin ya fara sauyawa, tsami ya ƙaru a jikin takardar, ta yi rawaya, ta koma ruwan ƙasa, a ƙarshe ta bushe ta riƙa karyewa kamar ƙanzo. A ɗakin Church babu hasken rana, babu zafi, babu danshi, kuma da yake tsibi-tsibi ya jera su, nauyin na sama ya danne na ƙasa har iska ba ta samun shiga tsakanin shafuka. Bayan shekara 40 aka buɗe su takardar fara sol, launin bango yana sheƙi kamar jiya aka sauke su daga injin ɗab'i.

A 1977 iyalin tsohon suna son kwashe kayan gidan, suka nemi mai saye. Wanda ya amsa kiran wani saurayi ne ɗan shekara 21, Chuck Rozanski, mai shagon Mile High Comics, shi ya sa har yau ake kiran tarin da sunaye biyu, na Church da na shagon. Kuɗin da aka fi ambata cewa ya biya shi ne wajen dala 1,800, abin da bai wuce senti 10 a kan kowace ba, wato kusan farashin da aka saye su sababbi. Abin da Rozanski ya yi bayan nan shi ya sauya kasuwar. Tun 1970 akwai kundin farashi na Overstreet da 'yan kasuwar ke bi, amma shi sai ya ce nasa sun fi ƙarfin kundin, ya sa musu ninki biyu ko uku ko fiye. Wasu suka yi ta gunaguni, masu kuɗi suka saya. Daga nan al'adar ta kafu cewa mujallar da aka san gidan da ta fito, aka san hannun da ya ajiye ta, tana da ƙarin kuɗi a kan irinta da ba a san asalinta ba. Da yawa daga na Church ana gane su da wata 'yar alama ta fensir a bango, harafi ɗaya da lambobi, wadda masu rarraba jaridu suka rubuta lokacin da kaya suka iso. Rubutun da a wata mujallar zai zama aibi, a nan shi ne shaida.

Akwai tarko a cikin sunan. A 1985 shagon ya sake sayen wata katafariyar ma'ajiya mai mujallu sama da miliyan ɗaya, galibi waɗanda aka buga bayan zamanin Church, ake kiranta Mile High ta biyu. Ba ta da wata alaƙa da Church, kuma kuɗinsu ba ya kusa da juna. Dillalin da ya ce maka kayansa na Mile High ne, tambaye shi wanne.

Me ya sa na wancan zamani suka yi ƙaranci alhali dubbai aka buga? Action Comics lamba 1 ta watan Yunin 1938, wadda Superman ya fara fitowa a cikinta, kusan kwafi 200,000 aka buga, amma waɗanda suka rage a duniya ana ƙiyasta su kusan 100 ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi gangamin tattara tsofaffin takardu don sake sarrafawa, yara suka kwashe nasu suka kai. Bayan yaƙi kuma sai aka taso wa mujallun da zargin lalata tarbiyya, har aka riƙa ƙona su a filayen makarantu a wasu garuruwa a 1948, Majalisar Dattawa ta yi zaman sauraren ba'asi a kansu a 1954. Sauran kuwa iyaye mata suka share su da tsintsiya.

Ga kaɗan daga cinikin da aka yi. Kwafin Church na Flash Comics lamba 1 ya tashi a dala 450,000 a 2010. Nasa na Superman lamba 1 ta 1939 an sayar da shi dala miliyan 5.3 a 2022. Cikin waɗanda ba na tarin Church ba, wani kwafin Action Comics lamba 1 ya kai dala miliyan 3.2 a kasuwar intanet ta eBay a 2014, wani kuma dala miliyan 6 a gwanjon kamfanin Heritage a watan Afrilun 2024. Sai dai kada a ɗauka duk dubu ashirin ɗin nan haka suke. Mafi yawansu labaran kaboyi ne da na barkwancin dabbobi da na jaruman da aka manta da su, kuma ko da sunan Church a kansu, kuɗinsu ɗaruruwa ne ko dubban daloli. Waɗanda ke kai miliyoyi galibi su ne waɗanda wani shahararren jarumi ya fara bayyana a ciki, kamar Detective Comics lamba 27 ta 1939 mai ɗauke da Batman na farko.

Yadda ake auna lafiyar mujalla shi ne ginshiƙin farashi. Tun shekarar 2000 kamfanin CGC da ke Sarasota a jihar Fulorida yake karɓar mujalla, ya duba ta, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe ta cikin akwatin roba mai garai-garai. Ana duba ƙashin bayanta ko ya tsattsage, kusurwoyi huɗu ko sun dakushe, wayoyin ɗinki guda biyu ko sun yi tsatsa ko bangon ya ɓalle daga jikinsu, sannan launin takarda daga fari zuwa ruwan madara zuwa ruwan ƙasa. Ana ƙirga shafuka ɗaya bayan ɗaya, domin falle na tsakiya shi ya fi saurin ɓacewa. Na farko-farkon zamanin shafi 64 ne ban da bango, daga baya aka yi ta ragewa har zuwa 32. Takardar shaidar da ke saman akwatin ita ma tana magana: shuɗiya na nufin ba a taɓa mujallar ba, mai launin shunayya na nufin an yi mata gyara. Gyara kuwa karya farashi yake yi, sau da yawa fiye da rabi. Ɗigon tawada ɗaya da aka sa don rufe ƙarcewar bango ya isa, kuma ana kama shi da fitilar haske mai shuɗi-shuɗi ko ta buɗe cikin bangon a ga inda tawadar ta huda. Datse gefe da reza don ya yi kaifi ya fi wannan muni. Abin da kasuwa ta amince da shi kawai shi ne gogewa da na'urar matsi don kwantar da lanƙwasa, tunda ba a ƙara komai ba a rage komai.

Yanzu ga akwatinku, Malam. Fara da farashin da ke bango, shi ne agogon farko. Mujallar Amurka mai senti 10 ta 1961 ce ko kafin nan, mai senti 12 tsakanin 1962 da 1969, mai 15 daga 1969 zuwa 1971, mai 20 da 25 na farko da tsakiyar shekarun 1970. In ka ga zanen layukan nan na kwamfutar kanti a bango, to ba ta wuce tsakiyar shekarun 1970 a tsufa ba. Sannan ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko ko cikin bango, a nan ake sa ainihin sunan mujallar, lambarta, shekara da kamfanin da ya buga. In farashin da kuɗin Ingila ne, kamar 9d, wato nai a kuɗin da, kada ka yi saurin raina ta. Akwai mujallun kamfanin Marvel na shekarun 1960 da aka buga a Amurka tare da na senti, farashin bango kawai aka sauya don kasuwar Ingila, kuma na asali ne, ko da yake galibi kuɗinsu bai kai na sentin ba. Daban suke da waɗanda kamfanonin Ingila suka sake bugawa, yawanci cikinsu baƙi da fari, waɗanda ba su da tsada sosai.

Sake bugu shi ya fi yaudarar mutane. A 1974 kamfanin DC ya sake fitar da Action Comics lamba 1 shafi da shafi, da ƙarin bango a waje mai bayyana cewa sake bugu ce. In aka cire wannan bangon sai ta yi kama da ta asali. Ma'auni ke raba gardama: ta asali wajen santimita 19 da 26 ce, ta 1974 kuwa kusan 25 da 34. Haka nan duk abin da ya fito daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, kada a sa masa rai. A lokacin kowa ya ji labarin su Church, kowa ya saya ya adana a leda. X-Men lamba 1 ta 1991 kusan kwafi miliyan 8 aka sayar, yau kuɗinta bai wuce na cin abinci ba.

In ka tarar da African Film mai labarin Lance Spearman, wadda kamfanin Drum ya riƙa bugawa da hotuna a ƙarshen shekarun 1960, ko Ikebe Super ta Wale Adenuga, ka ware su gefe. Ba su da kasuwar gwanjo irin ta Amurka, amma ɗakunan karatu na jami'o'i da masu binciken tarihin adabi suna neman su, don kaɗan ne suka tsira.

Ajiya a ƙasarmu akasin Denba ce. Akwatin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu tanda ne, damina ta kawo danshin da ke sa wayar ɗinki tsatsa har ta ci takardar da ke kewaye da ita, hunturu ya busar da ita, ga gara da kyankyaso. Abin da ake so shi ne zafi wajen digiri 18 zuwa 21 da danshi kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Samun hakan a gida da wuya, amma a kusanta: ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana ke duka, a kan kanta ba a ƙasa ba. Kowace mujalla ta samu rigarta ta ledar Mylar da kwali marar tsami a bayanta, kada a yi amfani da ledar kasuwa ko kwalin taliya. A sa 'yan ƙullin nan masu shan danshi a cikin akwatin, a sauya su bayan kowace damina. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, domin gam ɗinsa yana narkewa ya bar tabo mai maiƙo da ba ya fita. Kada a sa dutsen guga, kada a shanya a rana, kada kuma a kai wa mai ɗaurin littafi ya yi musu bango mai kauri.

In aka dace aka samu wadda ta cancanta, a ɗauki hoton bangon gaba da na baya da falle na tsakiya da ƙananan rubutun nan, a aika wa kamfanin gwanjo fiye da ɗaya kafin a yi maganar tura kayan. Wajen kwatanta farashi a intanet, a duba abin da aka riga aka sayar mai maki daidai da naka, domin abin da mai kaya ya yi wa kayansa kuɗi ba ciniki ba ne. A kuma tuna cewa alƙaluman gwanjo da ake bugawa sun haɗa da ladan da mai saye ke biya wa kamfanin, kusan kashi ɗaya cikin biyar, ga kuma kuɗin aunawa da inshora da na jirgi da za a biya daban. Tunda kuma kayan gado ne, a sanar da sauran magada tun kafin a fitar da ko falle ɗaya daga akwatin.