Yaya 'yan wasan roller derby suka rayu a zamanin tashensa?

Malam, ka tambaya ko masu roller derby, wato tseren takalmin taya, sun ji daɗi lokacin da wasan ke tashe a Amurka. Shahara dai sun samu, musamman bayan talabijin ya fara nuna su a 1948. Kuɗin kuwa bai taka kara ya karya ba. A shekarun 1960 'yan Bay Bombers, wata fitacciyar ƙungiyar wasan, kan shafe watanni bisa hanya, yau wannan gari gobe wancan, su tuƙa motocinsu da kansu, wasu ma su haɗa filin katakon da ake tseren a kai su kwance shi don samun ƙari. Rauni ba a magana, hancin 'yar wasa Ann Calvello ya sha karyewa. Farin jini kuwa, 'yar wasa Joan Weston ta fi yawancin mazan. Jerry Seltzer, mai kamfanin da ke shirya wasan, ya rufe harkar a 1973.