Tambaya da Amsa: Bisichi, garin da kuza ta haifa

TAMBAYA: Salam Malam. Kakana Allah ya jiƙan shi yakan ce ya yi aikin kuza wani gari wai shi Bisichi zamanin Turawa, kuma sanyin wurin ya kusa kashe su. Don Allah ina garin nan yake, kuma mi ya same shi? Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan kaka. Bisichi na nan daram, ɗan ƙaramin gari ne a gundumar Foron, ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato, ba nisa da Bukuru. Kuza ce ta kafa shi gaskiya, bariki ne na lebarori da ya zama gari, har kamfanin da aka kafa a Landan a 1910 don haƙar kuzar wurin ma sunan garin ya ɗauka.

Batun sanyi kuwa kaka bai yi ƙari ba ko kaɗan. Ka ɗauko mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ka kai shi kan tsaunin da ya haura mita 1,200, ka sa shi cikin ruwa da laka tun asuba yana dakon ƙasa a kwano a ka, ga ba bargo ga abinci ba ya isa, to me kake tsammani? Lokacin da abin ya fi muni shi ne 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai Turawa suka koma ɗibar mutane da ƙarfi ta hannun sarakuna da hakimai daga lardunan Arewa, har da lardin Sakkwato, kuma da yawa ba su dawo gida ba, sanyi da cuta suka cinye su. Ba mamaki kakanka cikin wannan ɗibar yake.

Faɗuwar kuma a hankali ta zo. Kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sai a 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya, shi ke nan.

Yau in ka je za ka tarar da manyan kududdufai da tulin jar ƙasa, mutane na noman rani da ruwan, dankalin Turawa, kabeji, karas, matasa kuma na shiga ramuka suna ƙwaƙular ragowar kuzar da hannu, wani sa'in ramin ya rufta da su. Jikokin lebarorin nan Hausawa na zaune tare da Birom masu ƙasar, duk da rikicin Filato ya sha taɓa yankin, saboda haka in za ka kai ziyara ka fara tambayar halin da hanya ke ciki. Shi kuwa kamfanin, abin da ke ba ni takaici kenan, har yanzu yana nan Landan da sunan Bisichi, gawayin ƙasa yake haƙa a Afirka ta Kudu.