Hukuncin Sayen Tsohuwar Mota da Sharaɗin "Yadda Ka Gan Ta Haka Ka Saya"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar firamare ne a Funtuwa. Shekara uku ina zubin adashi don in sayi 'yar motar kai iyali unguwa da asibiti. Kuɗin bai kai na 'yar Kwatano ba, sai wadda aka hau a nan gida. Wani dillali ya nuna mini Corolla tsohon yayi, amma ya ce sharaɗin mai ita shi ne "yadda ka gan ta haka ka saya, in ta fita daga nan babu dawowa." Shin wannan sharaɗi ya inganta a shari'a? In na biya daga baya na tarar inji a lalace yake, shi ke nan na yi asara?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sa albarka a abin da ka tara, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka yi tambaya tun kuɗin suna hannunka, don galibi sai mota ta kwana uku a gareji ake tuno malamai.

Wannan magana ta dillali ita ce malaman fiƙihu suke kira bai'ul bara'a, wato mai sayarwa ya wanke hannunsa daga duk aibin da za a gano daga baya. Ba yau aka fara ba. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya sayar da wani bawansa dirhami 800 a kan irin wannan sharaɗi. Wanda ya saya ya dawo ya ce bawan yana da cutar da ba a faɗa masa ba. Suka je gaban Sayyidina Usman, ya yanke cewa ɗan Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Ɗan Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, bawan ya warke a hannunsa, ya sayar da shi dirhami 1,500.

Dubi abin da Sayyidina Usman ya tambaya: ka sani ko ba ka sani ba? Nan hukuncin yake. Malamai sun saɓa a kan faɗin wannan sharaɗi. Hanafawa sun inganta shi a kowane irin kaya. Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya ya ƙuntata shi sosai, bai yarda da shi ba sai a cinikin bayi, shi ma a kan aibin da mai sayarwa bai sani ba. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka tsaya a kan hukuncin Usman a kowane kaya: sharaɗin yana kuɓutar da mutum daga abin da bai sani ba, ba ya kuɓutar da shi daga abin da ya sani ya ɓoye. Wannan shi nake ganin ya fi dacewa da tsohuwar mota, domin akwai lalacewar da mai ita kansa bai san tana tafe ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa ita.

Amma wanda ya san injinsa yana shan baƙin mai, ya ɗura masa mai kauri don hayaƙi ya lafa na kwana biyu. Ko ya mayar da mitar tafiya baya. Ko motar ta taɓa kifewa aka cike ta da fila aka fesa mata fenti ya yi shiru. Ko ya cire abin tace hayaƙin nan na salansa da makanikai ke ce wa indomi ya sayar, to "yadda ka gan ta" ba ta fishshe shi ba. Wannan algus ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ya ruwaito. Mayar da mita baya kuwa ɗan'uwan ɗaure hantsar akuya ne don a zaci mai yawan nono ce, kuma a hadisin Bukhari da Muslim an ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayarwa. Dillalin da ya sani ya rufe, da shi da mai motar laifinsu ɗaya. La'adarsa halal ce a asali, ƙaryar ce ke ɓata ta.

Saboda haka in ka saya ka gano tsohon aibi da aka ɓoye, wanda ke rage darajar motar, kana da zaɓi: ka riƙe ta a haka, ko ka mayar ka karɓi kuɗinka cif. In kuma wani sabon aibi ya same ta a hannunka kafin ka gano na farkon, to ko dai ka riƙe a biya ka gwargwadon abin da tsohon aibin ya rage, ko ka mayar ka biya gwargwadon sabon. In mai sayarwa ya musanta sani kuma ba ka da shaida, rantsuwa ce a kansa.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Tayar da ta suɗe, kujerar da ta yage, gilashin da ya tsage, duk idonka ya gani, ba a mayar da ciniki saboda su. Haka abin da al'ada ta san tsohuwar mota ba ta rabuwa da shi. Kuma in ka gano aibin ka ci gaba da hawa wata guda kana shiru, an ɗauka ka yarda.

Wannan shi ne haƙƙinka, amma karɓo kuɗi daga hannun wanda ya riga ya kashe su aiki ne ja. Shari'a ta ba ka wata ƙofa mafi sauƙi, wato sharaɗin zaɓi. Ka ce, "Na saya a kan ina da zaɓi na kwana kaza." Malikiyya sun ƙaddara wa dabbar hawa kamar kwana uku, mota kuma ita ce dabbar hawan yau. Akwai wata gaɓa da mutane ba su lura da ita: a mazhabar bai halatta a shardanta biyan kuɗi a cikin kwanakin zaɓin ba, domin kuɗin sun zama tsaka-tsaki, ba a san ko farashi ba ne ko rance. Ku ajiye su wurin amintaccen da kuka yarda da shi ku biyu. Mai motar da ya ƙi ba ka ko da yini ɗaya, ni a ganina ya riga ya gaya maka halin motarsa.

A kwanakin zaɓin nan ka zo da makanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku je da sassafe inji na sanyi, don mai dabara yakan ɗumama shi kafin ku iso. Hayaƙi shuɗi-shuɗi alamar inji na ƙona baƙin mai ne. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madarar da ta gauraya da shayi, mai yiwuwa ruwa na shiga inji. Ka bi jikinta da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa a kan ƙarfe akwai fila. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, motar da ambaliya ta taɓa ci ba ta rabuwa da wari da tsatsa a ƙarƙashin kujera. Sannan ku hau babban titi ku ji yadda giya ke shiga.

Takardu sun fi duk wannan haɗari. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ta zo daidai da ta takardar kwastan da ta rajista. A farkon 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, don haka kada ka raina maganar takardar kwastan. In mota ta fito ta sata ce, mai ita zai karɓi abarsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. Shi ya sa za ku rubuta ciniki da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a kafa shaida in an yi ciniki, a rubuta har da aibin da ya faɗa da bakinsa.

Kuɗin kafin alƙalami da ba a mayarwa in ka fasa, Imamu Malik da mafi yawan malamai sun hana, Imamu Ahmad ya halatta. Tunda kuɗinka a ƙirge suke, kada ka bayar da shi sai da sharaɗin za a mayar maka. Kuma kada ka juye adashin duka a kan farashi, ka rage na baƙin mai da birki da taya da canjin suna a takardu, don kada gyaran makon farko ya tura ka rancen ruwa.

Wallahu a'alam.