Shin gwaggo za ta iya karɓar riƙon 'ya'yan ƙanenta a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, ƙanena kuma yana birnin New York. Makonni biyu da suka wuce hukumar kula da yara ta ɗauke 'ya'yansa biyu bayan wata rigima da ta auku a gidansa, aka kai su hannun mutanen da ba mu sani ba. Ina da muhalli da aikin yi. Shin doka za ta ba ni riƙonsu, ko kuwa sai dai mu zuba ido?

Daga wata mai karatu a Ohio

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo mafita. Kada ki zuba ido ko kaɗan, domin doka ta san da zaman dangi, sai dai ba ta miƙa yaro ga wanda bai fito ya nema ba.

Tun 1996 dokar tarayya ta umarci jihohi su duba yiwuwar fifita dangi a kan bare wajen ba da riƙo, wata dokar ta 2008 kuma ta wajabta musu neman manyan dangin yaro su sanar da su cikin kwana 30 da ɗauke shi. Amma kowace jiha da tata ƙa'idar, kuma alƙalin kotun iyali ne yake yanke hukunci bisa abin da ya ga ya fi zama maslaha ga yaron. Saboda haka ki rubuta wa jami'ar da fayil ɗin yake hannunta da lauyan yaran, ki bayyana dangantakarki da su da niyyarki, ki kuma ajiye kwafin takardar.

Inda gizo yake saƙa shi ne zamanki a wata jiha. Akwai yarjejeniyar da ake kira ICPC kan kai yara riƙo daga wata jiha zuwa wata, wadda duk jihohi 50 suka shiga, kuma a ƙarƙashinta ba za a tsallaka da yaran zuwa Ohio ba sai hukumar Ohio ta binciki gidanki ta amince. Za a ɗauki hoton yatsun duk baligin da yake kwana a gidan, a duba ko yana da tarihin laifi, sannan jami'a ta zo ta ga makwancin yaran, ta gwada na'urar gano hayaƙi, ta tambayi inda kike ajiye magunguna. Doka ta ba da kwana 60 a kammala binciken, amma a aikace yakan ɗauki fiye da haka. Bugu da ƙari, a farkon shari'a burin kotu shi ne mayar da yara ga iyayensu, don haka alƙali yana iya ƙin nesanta su da wurin da iyayen suke ziyartarsu. A ganina, idan kuna da amintaccen ɗan'uwa a New York, ku gabatar da shi yanzu, ke kuma ki ci gaba da naki neman.

Ina jan hankalinki ki nemi lasisin riƙo, wato izinin hukuma na riƙon yara wanda yake buɗe ƙofar samun kuɗin tallafi, ko da wani ya ce miki ɓata lokaci ne. Da yawa daga cikinmu muna jin nauyin karɓar kuɗi a kan jininmu, alhali kuɗin haƙƙin yaran ne na ci da sutura. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1979 cewa ba za a hana dangin da suka cika sharuɗɗan lasisi tallafin tarayya don kawai su dangi ne ba, a 2023 kuma aka ba jihohi damar sassauta wa dangi waɗannan sharuɗɗa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Dokar 1997 ta ce idan yaro ya yi wata 15 daga cikin 22 a hannun hukuma, jiha za ta nemi kotu ta yanke haƙƙin iyayensa, amma tana iya fasa hakan idan yana wurin dangi. Idan kuma komawa gida ta gagara, New York tana da shirin KinGAP, wanda yake ba ɗan'uwa mai lasisi da ya riƙi yaro wata shida a jere damar zama waliyyinsa tare da tallafi, ba tare da an raba yaron da nasabarsa ba. Ki tuntuɓi lauyan harkokin iyali a New York cikin makon nan, kafin zaman kotu na gaba.