Manyan unguwarmu sun daina gaisawa saboda siyasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga Gadarif nake rubuto maka, mu Hausawa ne haifaffun nan Sudan, hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu suka zauna. Mushkilarmu manyan unguwa ne guda biyu, ɗaya kawuna ne ɗayan kuma shi ke riƙe da kwamitin masallaci, tun da shugaban ƙasa Bashir ya faɗi a 2019 suka raba gari, wannan yana ce wa wancan koz (wato ɗan tsagin Islama na gwamnatin Bashir) wancan yana ce wa wannan ɗan gahata (wato ɗan ƙawancen farar hula da ya yi adawa da Bashir), ko a wajen jana'iza kowa da tabarmarsa. Yanzu ga 'yan gudun hijira daga Khartoum da Madani sun cika mana gari, mun buɗe takiyya, wato wajen girkin taimako, muna dafa masu abinci amma duk wanda ya kai gudummawa wajen ɗaya sai ɗayan ya ɗauke shi abokin gaba. Dan Allah ya za mu yi mu yara?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah Ya kawo maku ƙarshen wannan yaƙi. Da farko dai ka cire rai da cewa za ka sa kawu ya canza ra'ayi, mutumin da ya tsufa da aƙidarsa ba kai ɗan ƙanwarsa za ka sauke shi a kai ba, kuma ba ma shi ake nema ba.

Ku a Sudan ai kun fi kowa sanin mujamala, wato kara da kyautata mu'amala. Jagoran adawa Sadiƙ al-Mahdi ya turo mayaƙa su kifar da shugaban ƙasa Numairi a 1976, abin bai yi ba, aka yanke masa hukuncin kisa baya nan, amma a 1977 sai ga su zaune a Port Sudan suna sulhu. To amma fa ni ban cika ruɗuwa da irin wannan ba, don Hassan al-Turabi, jagoran 'yan tsagin Islama, ƙanwar Sadiƙ ya aura, Wisal, surukai ne na ƙut da ƙut, kuma hakan bai hana jam'iyyarsa shirya juyin mulkin 30 ga Yunin 1989 da ya tumɓuke Sadiƙ ɗin daga firaminista ba. Kaga gaisuwa da shan shayi tare kawai basa riƙe mutane, sai an ɗaure magana gaban shaidu.

Shi yasa nake ganin ku koma wa judiyya, wato sulhun gargajiya, wadda ku kun fi ni saninta. Ku samo ajawid, dattawa biyu ko uku da kowanne cikinsu yake jin nauyi, gara ma daga wata unguwa, kuma kar ku yara ku je wa kawu da maganar kai tsaye, ku bi ta mahaifiyarka ko wani yayansa. In an zauna kar a taɓo Bashir ko juyin juya hali ko waye ya fara harbi ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙin nan ya ɓarke, wallahi nan take zaman zai watse. Maganar tukunya kawai za a yi. Ɗaya ya riƙe kuɗi ɗayan ya riƙe sito, ba a fitar da buhun dawa ko adas (wani nau'in wake) sai da sa hannun su biyu, a karanta lissafi bayan sallar Juma'a kowa ya ji. A kuma yarda a daina kiran juna koz da gahata a masallaci da wajen rabon abinci, a gida kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Sannan ku kanku matasa, sau tari ku ke hura wutar, ana ɗauko abin da wani ya faɗa a group ɗin WhatsApp ana kai wa dattijo da ƙari. Bayan rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a jihar Blue Nile a 2022 bai kamata a ce sai an tuna maku wannan ba. Ku buɗe wa takiyyar group nata daban, admin biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, duk wanda ya turo bidiyon siyasa a goge.