Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon faifan Ellington ko sabon fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na soma son kiɗan jaz ne ta dalilin mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya bar mana garmaho da 'yan faya-fayai. Wani mai sayar da kayan gwanjo ya nuna mini baƙin faifan "Ellington at Newport", ya ce na asali ne, ya kuma tsuga masa kuɗi. Na ga akwai irinsa a CD guda biyu, da sauƙin kuɗi. Wanne zan saya? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya gafarta wa Baba. In kiɗan kake nema, sayi CD ɗin nan guda biyu, wanda aka fitar a 1999, an rubuta "Complete" a jikinsa. Ga dalilina.

Ranar 7 ga Yuli 1956 Duke Ellington ya hau dandalin bikin jaz na Newport, a jihar Rhode Island ta Amurka, yana zaune gaban piyano yana jan ragamar makaɗa da mabusa goma sha huɗu. A lokacin tauraronsa ya dusashe, kasuwar manyan ƙungiyoyin kiɗa ta faɗi. Dare ya yi nisa, wasu har sun fara haramar tafiya gida, sai ya ɗauko wani kiɗa da ya tsara tun 1937, "Diminuendo and Crescendo in Blue", ya bar wa mai busa saksofon Paul Gonsalves tsakiyarsa. Gonsalves ya yi zagaye 27 yana busa ba tsayawa, Sam Woodyard na dukan ganga a bayansa. Wata mata ta miƙe ta kama rawa, jama'a suka biyo ta, wasu suka hau kujeru. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka hoton Ellington ya fito a bangon mujallar Time.

To amma baƙin faifan da kamfanin Columbia ya fitar a shekarar ba duka ne aka naɗa a filin ba. Kwana biyu bayan wasan an kai ƙungiyar sitidiyo a New York, suka maimaita sabon kiɗan da Ellington ya tsara domin bikin, aka liƙa tafi da hayaniyar 'yan kallo a kai. Ita kuwa busar Gonsalves ta filin ce, sai dai tana fitowa can nesa, kamar daga bayan katanga, domin bai tsaya gaban makirfon Columbia ba. Gaban na Muryar Amurka ya tsaya, gidan rediyon nan da muka sani da sashen Hausa, wanda shi ma yake naɗar wasan. Sai a 1996 aka gano tef ɗinsu. Wani masanin tarihin jaz, Phil Schaap, ya haɗa shi da na Columbia, ɗaya a lasifikar dama ɗaya a ta hagu, aka samu wasan daren ba ragi ba ƙari.

Ran da na fara sauraren na 1999, abin da ya kama ni muryar Ellington ce, yana ihu daga kan piyano yana zuga mai busa, ga kuma hayaniyar mutane tana ƙaruwa zagaye bayan zagaye har ta kusa danne kiɗan. A ƙarshe Cat Anderson ya kai ƙahonsa ƙololuwa. Tsigar jikina ta tashi. Wannan shi ne abin da ake biyan kuɗi dominsa a faifan wasan da aka yi gaban jama'a.

Ban ce tsohon faifan ba shi da daraja ba. Tunda garmahon Baba na nan, na san akwai abin da zuciya take so wanda ya wuce sauti. In ka ƙudura sai ka saya, karkata shi a hasken rana ka duba ƙarzuwa, ka ɗora shi kan tebur ka ga ko zafi ya lanƙwasa shi, kuma kada ka biya sai an sa maka shi ka ji. An sha sake buga faifan nan, saboda haka kalmar "na asali" a bakin ɗan kasuwa kaɗai ba hujja ba ce. Ka kuma tabbata na'urarku tana juyi 33 a minti. In irin ta da ce wadda ake wanawa da hannu, mai allurar ƙarfe, ta faifai mai juyi 78, za ta cinye shi a sawa ɗaya.

Tambaya: Ina son Count Basie. Na ga "Basie in London", ya cancanci saye? A waya nake saurare. Daga wata mai karatu a Zinder.

Amsa: Ya cancanta, 'yar'uwa, ƙwarai kuwa. Sai dai sunan ya ɓatar da mutane da yawa: a birnin Gothenburg na Suwidin aka naɗe shi a 1956, ba a Landan ba. Basie ba ya cika taɓa piyano, ɗan taɓi nan ɗan taɓi can, sannan ƙahonni su faso gaba ɗaya. Lasifikar waya ba ta iya ɗaukar wannan, tana haɗiye bes da jitar Freddie Green, alhali su ne ke riƙe da kiɗan. Kafin ki ƙara sayen wani faifai, fara sayen abin saurare mai rufe kunnuwa biyu, ko da mai igiya ne.